mmap2, mmap64 ko _FILE_OFFSET_BITS=64: wanne za ka ɗauka in fayil ya haura 2GB?

In dai kod ɗinka a kan na'ura mai bit 64 zai zauna, x86-64 ko aarch64, kuma ba ka da niyyar kai shi ko'ina, to rabin wannan maganar ba taka ba ce, off_t ɗinka, wato nau'in lambar da C ke nuna wuri a cikin fayil da ita, bayit 8 ne tun asali, ka kira mmap, aikin da ke shimfiɗa fayil a memori, ka kama gabanka. Ciwon kan na masu gina abu don armhf ne, wato Linux na ARM mai bit 32, da kuma masu rubuta C don wayoyin Android Go masu arha da suka cika kasuwanninmu, waɗanda da yawansu ko da furosesar tana iya bit 64, manhajar da aka zuba musu ta bit 32 ce. Ka jona wayar ka buga `adb shell getprop ro.product.cpu.abilist`, in ka ga armeabi-v7a da armeabi kaɗai babu arm64-v8a, to da kai ake. Haka ma Raspberry Pi ɗin da ake ɗora wa Wikipedia ta amfani ba tare da intanet ba, fayil ɗaya na Turanci mai hotuna yana kai wajen 100GB, ga kuma Raspberry Pi OS mai bit 64 sai a Fabrairun 2022 ta fito a hukumance, kenan akwai katunan memori barkatai da har yau tsohuwar suke ɗauke da ita.

Tushen matsalar ba shi da wuyar ganewa. Hujja (argument) ta shida da ake ba mmap ita ce ofset, wato daga bayit na nawa a cikin fayil za a fara shimfiɗa shi a memori, kuma nau'inta off_t ne. A glibc, laburaren C na yawancin Linux, mai bit 32, in ba ka ce komai ba, off_t lamba ce ta bit 32 mai alama, iyakarta 2,147,483,647. Daga nan ta tsaya. Hanyoyin tsallake wannan katanga guda huɗu ne da mutane ke bi, kuma ba ɗaya suke ba ko kusa.

Bari in fara da wadda ta fi jan ido, mmap2, don ita ce mutum ke gani a strace, shirin da ke nuna kiraye-kirayen kanel, ya ɗauka ita ce maganin. Kiran kanel ne da ya shigo tun Linux 2.3.31, kafin ma 2.4 ta fito a Janairun 2001. Dabararsa ita ce maimakon a ƙirga ofset da bayit, sai a ƙirga da dunƙule na bayit 4096, kamar dai mai hatsi da ya daina lissafi da mudu ya koma buhu, lambar da bakinsa ke faɗa ba ta ƙaru ba amma kayan da take nufi sun ninka. Bit 32 a haɗa da bit 12 na 4096 ya ba ka bit 44, wato 16TiB. In kana son farawa daga 5GiB, bayit 5,368,709,120 kenan, abin da kanel zai karɓa 1,310,720 ne, ya shiga rajista ɗaya lafiya lau. A i386 lambar kiran 192 ce, a ARM EABI ma 192. Tsohon mmap na i386, lamba 90, shi ma abin kallo ne, hujjojin nan shida ba a rajista yake karɓarsu ba, sai ka jera su a tsari guda ka miƙa masa adireshin.

To amma kiran mmap2 da hannunka? Gaskiya ban ga dalili ba sai in kai ne mai rubuta libc, ko kana rubuta wani ɗan abu da babu libc a ƙarƙashinsa gaba ɗaya. Na farko glibc ba ta ba ka aiki mai wannan suna, sai ka bi ta `syscall(SYS_mmap2, ...)`. Na biyu babu shi sam a x86-64 da aarch64, can mmap na kanel bayit yake karɓa kai tsaye, kenan kod ɗinka zai cika da #ifdef, reshe ɗaya yana raba ofset da 4096 ɗaya ba ya rabawa, kuma ranar da wani ya gyara ɗaya ya manta ɗayan shi kenan. Na uku ma'aunin kansa bai zama ɗaya a ko'ina ba, a ia64 girman shafin na'urar ne ba 4096 ba (an dai cire ia64 daga kanel a 6.7, amma darasin na nan). Na huɗu kuma, wanda ya fi duka, aikin banza ne, don mmap ɗin glibc da kake kira kullum shi da kansa mmap2 yake kira a ƙasa bayan ya yi rabon. Abin da kake wahalar yi da hannu an riga an yi maka shi. Wani abin da ke ƙara rikita mutane, strace yana ninka lambar ya nuna maka ita da bayit, sai ka ga mmap2 da 0x140000000 a ƙarshe ka ɗauka haka ake ba shi, alhali ba haka ya tafi wurin kanel ba.

Sai mmap64. Wannan ba kiran kanel ba ne, aikin laburare ne, daga iyalin da taron Large File Summit ya haifar a 1996: open64, lseek64, stat64, off64_t da sauransu. Ka saka _LARGEFILE64_SOURCE su bayyana. Ofset ɗinsa da bayit ne, nau'in off64_t, shi zai yi rabon ya kira mmap2. Kyawunsa a fili yake, ba ka taɓa girman off_t na sauran kod ɗin ba, wuri ɗaya ka gyara ka bar ko'ina yadda yake, abin da ke da amfani ƙwarai in kana riƙe da tsohuwar laburare da wasu shirye-shirye suka dogara da ABI ɗinta, wato yadda ginannen kod ke haɗuwa da ita. Amma tun farko an yi waɗannan sunaye ne a matsayin gada ta wucin gadi, ba sa cikin POSIX. A FreeBSD da macOS babu su, don can off_t bit 64 ne tun zamanin 4.4BSD, ba su taɓa buƙatarsu ba. Ita kuwa musl, wata laburaren C wadda Alpine Linux ke kai, off_t ɗinta kullum bit 64 ne ko a na'ura mai bit 32, kuma a sigar 1.2.4 ta 2023 ta daina fito da sunayen nan masu 64 ga wanda ya saka _GNU_SOURCE kawai, fakiti da dama suka ƙi ginuwa a lokacin sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana cire off64_t. Kenan duk wanda ya fara sabon aiki yau ya cika shi da mmap64, ya ɗauko wa kansa bashin da zai biya gaba.

Akwai kuma wani tarko a cikinsa. mmap64 kaɗai ba ya isa, sai fayil ɗin ya buɗu tukuna. A glibc mai bit 32, open na yau da kullum zai ƙi buɗe fayil da ya haura 2GiB, ya dawo maka da EOVERFLOW, saboda babu O_LARGEFILE. Sai ka koma open64, sai ka tuna fstat ma ba zai iya faɗa maka girman fayil ɗin ba sai fstat64, sai struct stat64, kafin ka ankara rabin kod ɗin ya koma 64 rabi bai koma ba, kuma a daidai mahaɗar nan ne lamba ke zubewa.

Hanya ta uku ita ce nake ba kusan kowa shawara: `-D_FILE_OFFSET_BITS=64` a tutocin kwampaila. Ba ka canza ko harafi ɗaya a kod ba, kana rubuta open da fstat da mmap da off_t kamar kullum, hedar glibc ce za ta karkatar da su zuwa masu 64 a ɓoye. A na'ura mai bit 64 tutar ba ta yin komai, a musl da BSD ma haka, kenan kod ɗaya ya shiga ko'ina. Meson yana saka ta da kansa, a autoconf AC_SYS_LARGEFILE ke yi, CMake kuwa ba ruwansa sai ka saka da hannunka. Don Allah a tsarin gini za ka saka ta, kada ka je ka rubuta #define a saman fayil ɗaya, domin in fayil a.c yana ganin off_t bayit 8 shi kuma b.c yana ganin bayit 4, kuma suna miƙa wa juna tsari mai off_t a ciki, linka ba zai ce uffan ba, shirin zai ginu tsaf, sai a wurin aiki ka ga lambobi suna hauka. Wannan shi ne babban aibinta, kuma shi ya sa in laburare kake rubutawa don wasu, gara kada off_t ya fito a hedarka ta waje ko kaɗan, ka yi amfani da int64_t ko uint64_t a can, ka bar off_t a cikin gida. Layi ɗaya kuma da ba ya cin komai, `_Static_assert(sizeof(off_t) == 8, "babu LFS");`, zai tsayar da ginin ranar da wani ya zubar da tutar.

Ƙarin dalili, maganar 19 ga Janairu 2038, ranar da lambar lokaci mai bit 32 za ta cika ta zube. glibc 2.34 ta kawo _TIME_BITS=64, kuma ba ta yarda ka saka ta sai tare da _FILE_OFFSET_BITS=64. Debian ta riga ta yi wannan ƙaura a armhf da armel, ta bar i386 yadda take. Kenan ko ba don mmap ba nan duniyar bit 32 ta dosa, wanda ya zaɓi mmap64 zai dawo ya saka tutar nan ko yana so ko ba ya so.

Android na da nasa hali, kuma nan ne nake so masu NDK, kayan rubuta C don Android, su nutsu. A bionic, laburaren C ta Android, mai bit 32 off_t bit 32 ne, amma open ɗinta tana saka O_LARGEFILE da kanta, ban da cewa sau da yawa ma fd ɗin, lambar buɗaɗɗen fayil, daga ɓangaren Java ko Kotlin yake zuwa a buɗe. Ma'ana wancan EOVERFLOW da zai fargar da kai a Linux na tebur, a nan ba za ka gan shi ba. Ka ba mmap ofset na 5GiB, bit ɗin sama su faɗi, abin da ya rage 1,073,741,824 ne, 1GiB cif, wanda halattaccen wuri ne a cikin fayil ɗinka kuma ya dace da iyakar shafi. mmap zai yi nasara, errno shiru, ka karanta bayanan wani wuri daban kana murna. In kuma PROT_WRITE da MAP_SHARED ka buɗe, to ka rubuta a kan bayanan mutane. Wannan ya fi faɗuwar manhaja muni nesa ba kusa ba. NDK ta fara girmama _FILE_OFFSET_BITS=64 daga r15, mmap64 yana nan tun API 21, sai dai fseeko da ftello masu 64 sai API 24, don haka in minSdk ɗinka ya gaza 24 kuma wata laburare a ciki tana kiransu, ginin zai tsaya. A Android, a irin wannan matsi kaɗai nake ganin mmap64 kai tsaye ya fi, ka killace shi a fayil ɗaya da #ifdef __ANDROID__ ka rufe ƙofa. Kunna -Wconversion, ko -Wshorten-64-to-32 a clang, shi zai nuna maka wuraren da lamba ke raguwa.

Yanzu ga abin da duka ukun nan ba su warware ba. Sun ba ka damar farawa daga nesa, ba su ba ka damar ɗaukar da yawa ba. Tsawon da ake ba mmap size_t ne, bit 32, kuma filin adireshin shirin gaba ɗayansa 4GiB ne, wanda a kanel mai bit 32 yawanci 3GiB ne rabonka, cikinsa ga laburare ga tari ga sitak na kowane zare, ga ASLR, dabarar tsaro mai sauya adireshi, ya warwatsa su. Samun fili miƙaƙƙe na 1GiB ma ba tabbas ba ne, ENOMEM za ka sha. Dole sai taga: ka shimfiɗa yanki, ka gama da shi, ka munmap, ka matsa gaba. Git misali ne mai kyau a nan, core.packedGitWindowSize ɗinsa 32MiB ne a bit 32, 1GiB a bit 64, kuma jimillar tagogin da zai buɗe lokaci guda, core.packedGitLimit, 256MiB ce a bit 32. Tsohon injin MongoDB, MMAPv1, bai yi haka ba, komai yake shimfiɗawa, shi ya sa a bit 32 bayanai ba sa wuce wajen 2GB. LMDB ma duka yake shimfiɗawa, sai da aka ƙara masa zaɓin MDB_VL32 don irin waɗannan na'urori.

Kuma a lissafin tagar nan ne ƙwaro mafi wayo yake ɓuya. Ofset dole ya zama ninkin girman shafi, in ba haka ba EINVAL, don haka kowa na rubuta `off & ~(shafi - 1)` ya sauko zuwa iyakar shafi sannan ya ƙara ragowar a kan foyinta. To in ka ajiye shafi a size_t, a bit 32 wannan `~` ɗin zai ba ka 0xFFFFF000 marar alama, a faɗaɗa shi zuwa bit 64 da sifili a sama, sai & ɗin ya share bit 32 na saman ofset ɗinka tas. off_t ɗinka daidai, tutarka daidai, _Static_assert ya wuce, amma 5GiB ya sake komawa 1GiB. Ka rubuta `off - off % shafi` da shafi a matsayin off_t, ka huta. Haka `n * 1024 * 1024` in n int ne, ya riga ya cika ya zube kafin a zuba shi a off_t. Shi kansa girman shafin kuma a tambayi sysconf(_SC_PAGESIZE), a daina rubuta 4096 da ka, Mac masu Apple Silicon 16KiB suke, kanel ɗin Raspberry Pi 5 ma haka, Android 15 ta fara tallafa wa 16KiB. Windows kuwa MapViewOfFile ɗinta raba ofset take gida biyu, dwFileOffsetHigh da dwFileOffsetLow, kuma ninkin 64KiB take so ba girman shafi ba.

Wanda ya kai nan ya kamata ya tambayi kansa ko ma mmap ɗin yake buƙata, don hanya ta huɗu ita ce pread. Da tutar nan ta 64 pread yana karɓar kowane ofset, ba ruwansa da iyakar shafi, ba ruwansa da filin adireshi, zare goma za su iya kiransa a kan fd ɗaya ba tare da sun taka wa juna wuri ba. Kuɗin da za ka biya shi ne kiran kanel a kowane karatu da kwafe bayanai zuwa bafarka. In karatunka ƙanana ne masu tsalle-tsalle a wuri ɗaya da ake yawan komawa, kamar fihirisa, mmap ya fi sauri da gaske. In kuma fayil kake bi daga farko zuwa ƙarshe da manyan yankuna, bambancin kan zama kaɗan, wani lokacin ma pread ke cin gaba, domin kowace sabuwar taga tana zuwa da nata faɗuwar shafi da gyaran teburin shafi.

Abin da ya fi sa ni karkata ga pread a wurarenmu shi ne yadda kuskure ke zuwa. Fayil ɗin yana kan filashi ko hadis na waje, an ɗauke wuta ko yaro ya fizge kebul, ko wani shiri ya rage girman fayil ɗin kana tsakiyar karatu. pread zai dawo da -1 da EIO, ko ya ba ka ƙasa da abin da ka nema, ka nuna wa mai amfani saƙo cikin mutunci. mmap kuwa SIGBUS zai jefo maka a tsakiyar memcpy, shirin ya mutu nan take, sai in ka tanadi mai kama sigina da sigsetjmp, wanda a shiri mai zaruruwa da yawa ba wasa ba ne. SQLite na da PRAGMA mmap_size amma a kashe yake zuwa a yawancin gini, kuma wannan na cikin dalilan da suka bayar. Af, in filashin FAT32 ne ma akwai wata katangar daban, fayil ba ya kai 4GiB cif a kai, sai ka mayar da shi exFAT ko ext4.

Ni dai ga yadda nake yanke hukunci. Sabon kod, tuta a tsarin gini da mmap na kullum da taga ta 16 zuwa 64MiB in akwai bit 32 a cikin waɗanda za ka tallafa. Ma'ajiyar da za a iya cirewa, ko fayil da wani ke iya taɓawa, pread. Tsohuwar laburare da ba ka isa ka fasa ABI ɗinta ba, ko Android mai minSdk ƙasa da 24 da ta ƙi ginuwa, mmap64 a killace. mmap2 kuwa ka bar wa masu libc.

Duk wadda ka ɗauka, ka rubuta ta a inda mai zuwa bayanka zai gani, don rabin rikicin nan daga takardun bayani yake fitowa, mutum ya karanta shafin man na mmap2 ya ga 4096, ya karanta na mmap ya ga bayit, ya dawo kan aikinka mai suna map_region ya tarar da hujja mai suna off babu ko kalma ɗaya a kanta. A saman aikin ka faɗi ma'aunin ofset, bayit ne ko shafi ko dunƙulen 4096, ka faɗi ko mai kira ne zai daidaita shi da iyakar shafi ko kai za ka yi, ka faɗi ko foyintar da ka dawo da ita ita ce za a ba munmap ko an ƙara mata ragowa, ka faɗi iyakar tsawon taga a bit 32, da abin da zai faru in fayil ya ragu ana cikin aiki. Hujjar ma ka sa mata suna off_bytes ko pgoff yadda kanel ke yi. Gwajin kuma ba ya buƙatar babban disk: `truncate -s 6G gwaji.bin` zai ba ka fayil mai rami da ba ya cin wuri a ext4, ka rubuta wata alama a 1GiB da wata daban a 5GiB, ka gina da -m32 ko ka tura wa wayar armeabi-v7a, ka nemi ta 5GiB ka ga wacce ta dawo.